Sawu a Kan Dusar Ƙanƙara: Safiya Guda a Dutsen Edinbara

Duk wanda ya fara laƙaba wa wannan abu suna dusar ƙanƙara ya iya kallo. Ƙanƙara mun santa tun muna yara, ita ce 'yan dunƙulayen nan da kan zubo tare da ruwan damina, su yi ta ƙwanƙwasa rufin kwano, yara su fita da kwanuka suna tsinta. Dusa kuwa duk macen da ta taɓa yin surfe ta san halinta, ba ta da nauyi, iska kaɗan ke kwashe ta. Da Bahaushe ya haɗa waɗannan biyu sai ya samar wa abin da bai taɓa sauka a ƙasarsa ba sunan da ya dace da shi daidai. Sai dai suna ba ya gaya wa mutum irin kukan da take yi a ƙarƙashin takalmi, ko yadda take haɗiye hayaniyar gari. Wannan sai an taka, domin gani ya kori ji.

Inda na taka ta shi ne Edinbara, babban birnin Sikotland, a arewacin Birtaniya. A tsakiyar wannan birni akwai dutse mai tsayin mita 251 daga leɓen teku, wanda mutanen garin ke kira Arthur's Seat, wato Kujerar Arthur. Yana zaune cikin wani fili mai faɗin kimanin eka 650 da ake kira Holyrood, mai ɗauke da tafkuna uku, da kwari, da tsaunuka masu miƙaƙƙen goshi. Gari ya kewaye shi ta kowace kusurwa, unguwanni da jami'a da fadar sarauta da majalisar dokoki, amma gine-gine sun tsaya a bakin iyaka ba su hau ba. A birnin da taƙi ɗaya na ƙasa ke da tsadar gaske, wannan abu ne da ya kamata a tambayi dalilinsa.

A farkon watan Janairu rana ba ta fitowa a Edinbara sai wajen ƙarfe tara saura kwata, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Yinin duka bai fi awa bakwai da 'yan mintoci ba. Dalili shi ne birnin yana kan digiri 56 arewa da layin da ya raba duniya biyu, alhali Kano tana kan digiri 12, kuma duniya a karkace take juyawa, saboda haka a wannan lokaci na shekara arewacinta na kauce wa rana. Mu da muka saba da yinin da ba ya gaza awa goma sha ɗaya, ba ya kuma kai sha uku, sai abin ya zo mana baƙo. Mutum kan yi sallar Asuba bayan ƙarfe shida, ya karya kumallo a natse, ya fita, har yanzu duhu bai yaye ba. Sammako a nan ba ya buƙatar jarumta.

Abin da ke buƙatar sa'a shi ne dusar kanta. Edinbara ta ɗan fi Mosko kusa da ƙurewar arewa, amma ba ta ko kama ƙafarta a sanyi, domin ruwan ɗumi da ke gudana cikin Tekun Atilantika da iskar da ke busowa ta kansa suna sassauta mata hunturu. Sau da yawa abin da ke sauka yayyafi ne mai sanyi, ko dusa jiƙaƙƙiya da ke narkewa kafin azahar. Shi ya sa ranar da ta kwana tana zuba ta kuma kwanta, mutanen garin da kansu kan yi ɗokin fita. A irin wannan safiya ce wani ɗan uwa Bakatsine da ya daɗe a garin ya buga mini waya ya ce, "Malam, in kana son ganin dutsen nan cikin farar riga, yau ce ranar, gobe sai labari."

Shirin fita darasi ne shi kansa. A gida idan ɗari ya matsa, mutum kan nemi riga ɗaya mai kauri ya zura. A nan riguna ake jerawa hawa uku, ta ciki mai tsane gumi, ta tsakiya ta ulu mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Iskar da ke maƙale tsakanin rigunan ita ce ainihin bargon. Ana gudun rigar auduga a jikin fata, domin idan ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta koma tana zuƙe ɗumin jiki da zarar an tsaya hutawa. Sai hula mai rufe kunne, da safar hannu, da takalmi mai kaushin ƙasa, da tocila. Sanyinsu da namu ba ɗaya ba ne. Jaurar hunturu busasshiya ce, tana fasa leɓe da diddige, tana bar wa mutum kaushi da ƙura a gashin ido. Sanyin Edinbara mai laima ne, ba ya taɓa fata sosai, ƙashi yake nema. Kada kuma a raina namu: likita Walter Oudney, ɗan asalin wannan birni wanda ya yi karatu a jami'arsa, shi da abokin tafiyarsa Hugh Clapperton sun tashi wata safiya a ƙarshen Disambar 1823 a kan hanyarsu daga Borno zuwa Kano, suka tarar ruwan da ke cikin mazubansu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu sun sandare. Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824.

Mun shiga filin ta ƙofar da ke kusa da fadar Holyrood da ƙarfe bakwai da rabi. Abu na farko da na lura da shi shiru ne. Motoci na wucewa a hankali a kan titin da aka barbaɗa wa gishiri da tsakuwa, amma ƙararsu kamar an lulluɓe ta da zane. Sabuwar dusa yawancinta iska ce, ƙanƙarar da ke ciki kaɗan ce, kowane ƙwayarta ɗan tauraro ne mai kusurwa shida, sun hau kan juna sun bar ramuka a tsakani. Sauti idan ya faɗa cikin waɗannan ramuka ba ya dawowa. Abu na biyu haske ne. Rana ba ta fito ba, amma ƙasa na haskawa da kanta, domin farar dusa na mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kanta. Fitilun gari sun haska gajimare, gajimare ya haska dusa, dusa ta haska hanya. Tocilar da muka ɗauko ba ta yi aikin minti goma ba muka mayar da ita aljihu.

Hanyar ta bi gefen wani ƙaramin tafki da ake kira da sunan wata sarauniyarsu ta dā, Margaret. Bakin ruwan ya daskare, tsakiyarsa bai kama ba, kuma a nan wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, dangin dinya, suka taru suka cusa kawunansu cikin fukafukai. A saman tafkin, kan wani goshin dutse, kangon wata tsohuwar majami'a ce ta tsaya, bango guda da tagogi babu rufi, ta haura shekara 500. Daga nan ne hawa ke farawa sosai, ta cikin wani kwari da ke miƙewa zuwa ƙololuwa.

A nan abokin tafiyata ya ba ni shawarar da ta saɓa wa duk abin da na sani game da tafiya a daji. Ya ce, "Malam, ka taka inda ba a taka ba." A wurinmu turbar da ƙafa ta daddale ita ce mai aminci, gefen hanya kuwa gidan ƙaya ne da kunama. A kan dusa abin juye yake. Inda mutane suka tattake, nauyinsu ya matse ta, ta ɗan narke ta sake daskarewa, ta koma santsi kamar madubi. Sabuwar da ke gefe ita ke riƙe takalmi. Sai mutum ya rage tsawon taku, ya dasa tafin ƙafa gaba ɗaya, ya fitar da hannuwansa daga aljihu saboda ko ta kwana. Kowane taku na ba da wani sauti kamar ana murza garin rogo a tafin hannu. Numfashi na fita kamar tururin tukunya, gumi na tsattsafowa a gadon baya, yatsun hannu kuwa na ƙuna don sanyi. Sannu ba ta hana zuwa, a wannan hanya ma gaggawa ce ke hanawa.

Mun ɗauka mu ne na farko, ashe an riga mu. Dusa littafi ce da kowa ke sa hannu a ciki ko bai so ba. Ga sawun zomo, biyu a gaba biyu a baya, ya ratsa hanya ya shige ƙarƙashin wani ƙayayyen tsiro da ba ya zubar da ganye, wanda ko a wannan muku-muku yake ɗauke da 'yan furanni ruwan ɗorawa. Ga sawun yanyawa a jere a kan layi ɗaya kamar ɗinkin tela. Ga sawun 'yan Adam iri iri, mai faɗi da zurfi na wanda ke gudu, ƙanana na yaro a gefen na babba, da wani mai ɗigon sanda a kowane taku biyu. Ba da jimawa ba muka cim ma mai sandar, wata dattijuwa ce da ba za ta gaza shekara saba'in ba, karenta na gaba tana biye. Ta yi mana barka da safiya, ta yaba kyawun ranar, ta gargaɗe mu da santsin da ke kusa da sama, ta ci gaba da tafiyarta. Babu wanda ya tambaye mu daga ina, babu ƙofa, babu tikiti, babu mai gadi da ke jiran na goro.

Mita hamsin ɗin ƙarshe tsirarar dutse ne ja-ja, wanda miliyoyin ƙafafu suka goge har ya yi sulɓi. A nan hannu ya shiga aiki tare da ƙafa. A nan kuma iska ta same mu, domin kwarin da ya kare mu ya ƙare. Ma'aunin zafi na raguwa da kimanin digiri ɗaya a kowace mita 150 da aka hau, wannan ba wani abu ba ne a dutse irin wannan, amma iska mai ƙarfi na kwashe ɗumin da jiki ya tara a kewayensa, sai mutum ya ji kamar an ninka sanyin. Muka fake a bayan ginshiƙin da ke nuna ƙololuwa, muka zuba shayi daga fulas, muka jira.

Rana ta fito ta kudu maso gabas, ja kamar garwashi, ba ta da zafi ko kaɗan. Hasken ya fara taɓa tsaunukan Pentland da ke kudu maso yammacin gari, suka koma ruwan hoda, sa'an nan ya gangaro kan rufin gidaje. A arewa mashigin teku na Forth ya shimfiɗu kamar farantin azurfa, ƙasar Fife a tsallakensa. Can nesa ta yamma ana hango ƙarafan gadar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1890. A ƙarƙashinmu tsohon gari ne, gidaje dogaye masu duhun dutse, kowane da farar hula. A wannan lokaci na shekara ko da tsakar rana, rana ba ta ɗagawa sama da digiri 12 daga sararin ƙasa, wato tsakar ranarsu hantsinmu ne, inuwa ba ta taɓa dawowa ƙarƙashin ƙafa. Mutum ba ya tsayawa a irin wannan wuri bakinsa bai motsa da tasbihi ba.

Daga sama ne ake karanta tarihin ƙasar. Masana ilmin duwatsu sun ƙiyasta cewa wannan dutse ragowar wani dutse mai aman wuta ne da ya mutu kimanin shekara miliyan 340 da suka wuce. Daga baya tulin ƙanƙara mai kauri ya rufe ƙasar, yana tafiya a hankali daga yamma zuwa gabas, yana kankare duk abin da ke da laushi yana barin mai tauri. Shi ya sa dutsen da ganuwar birnin ke kansa yake da miƙaƙƙen goshi ta yamma da doguwar wutsiya ta gabas, kuma a kan wannan wutsiya aka shimfiɗa babban titin tsohon gari, daga ganuwa har fada. A gefen yamma na filin akwai wani dogon bangon dutse da ake kira Salisbury Crags. A gindinsa ne James Hutton, ɗan garin da ya rayu daga 1726 zuwa 1797, ya nuna wa mutane inda narkakken dutse ya kutsa cikin tsohon dutsen yashi ya ɓalle shi, ya kafa hujja da wannan cewa wasu duwatsu daga wuta suka fito kuma ƙasa ta daɗe fiye da yadda mutanen zamaninsa ke zato. Ɗaliban ilmin ƙasa a jami'o'inmu suna karanta sunansa a shekararsu ta farko. Ɗakin bincikensa wannan fili ne da ke bayan gidansa.

Ta gabas muka sauka, inda gangaren ya fi sauƙi, zuwa wani tafki da ake kira Dunsapie. Sauka ta fi hawa haɗari, kowane mai hawan dutse ya san wannan, domin nauyin jiki na tura mutum gaba kuma ƙafa ta riga ta gaji. A wannan gefe dusa ta nuna mana abin da ciyawa ke ɓoyewa a sauran shekara. Hasken rana da ke zuwa a kwance ya fito da wasu layuka a jikin gangaren, hawa hawa kamar matakala. Tsofaffin gonaki ne, kunyoyin manoman da suka yanka jikin dutsen suka shuka hatsi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A kan tudun da ke bayan tafkin kuma akwai ragowar ganuwar mutanen da suka zauna a nan kafin a san za a yi birni. Dusa ta rufe kwalta da shara da duk wani abu na jiya, ta tono na kakanni.

To, me ya hana a cinye wannan dutse? Amsar tana jikin bangon Salisbury ɗin nan, inda har yau ake ganin tabon masu fasa dutse. A farkon ƙarni na 19 basaraken da ya gaji riƙon filin, mai sarautar Haddington, ya mayar da wurin mahaƙa, ana fasa dutsen ana sayarwa don shimfiɗa tituna, har da na Landan. Mutanen gari suka ga goshin dutsensu na raguwa a kan idonsu, suka kai ƙara. Shari'a ta ɗauki shekaru, har ta kai Majalisar Iyayen Ƙasa ta Birtaniya, wadda a 1831 ta yanke cewa a daina fasa dutsen. Daga baya gwamnati ta biya gidan basaraken ta karɓe riƙon gaba ɗaya. Da waɗancan mutane sun ce ba ruwansu, da abin da muka hau a wannan safiya rami ne.

Haka nan 'yancin taka ƙasa bai faɗo daga sama ba. A Ingila, a Afrilun 1932, ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchesta, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan don karya dokar masu ƙasa da suka killace shi saboda farautar tsuntsaye, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A Sikotland kuwa majalisar dokoki, wadda gininta ke gindin wannan dutse a yau, ta yi doka a 2003 da ta bai wa kowa damar ratsa mafi yawan filaye da tsaunuka da ruwayen ƙasar, ko da mallakar wani ne, bisa sharaɗin kada ya shiga farfajiyar gida, kada ya taka shuka, kada ya bar ɓarna a bayansa. Kuma har gobe ba su daina sa ido ba. Akwai wata turba a gindin bangon Salisbury da masaƙa marasa aikin yi suka shimfiɗa bayan boren ma'aikata na 1820, bisa shawarar marubuci Walter Scott. An rufe ta a 2018 bayan wani ƙaton dutse ya ɓallo ya faɗo, kuma tun daga lokacin jama'a da ƙungiyoyin masu tafiyar ƙasa suka yi ta matsa wa hukuma lamba a kan a gyara a buɗe musu hanyarsu. Sun ɗauki rufe turba guda a matsayin asarar da za a yi magana a kanta.

A nan ne zancen ya shafe mu. Ƙasar Hausa ƙasar duwatsu ce, kuma yawancin manyan garuruwanmu a gindin dutse suka tsiro. Kano tana da Dala da Goron Dutse, Zariya tana da Kufena, Zamfara tana da Kwatarkwashi, babban birnin Jigawa ma sunansa Dutse. Tarihin Kano da kansa daga kan Dala yake farawa, da Barbushe da Tsumburbura. Muna da karin magana cewa hangen Dala ba shiga birni ba, amma mutum nawa ne cikin waɗanda suka shiga birnin, aka ma haife su a ciki, suka taɓa hawa Dala suka hangi birnin daga sama? A garuruwa da dama gidaje na hawa jikin dutse taƙi bayan taƙi, gindinsa ya zama juji, injin niƙa tsakuwa na cin wani gefen dare da rana. Masu fasa dutse da guduma neman abinci suke yi, kuma gari na buƙatar tsakuwa, babu mai musun wannan. Abin da ya rage shi ne a zauna a ware, wane dutse ne na fasawa, wane ne na bari, a shata iyaka, a rubuta a doka, a kuma sami masu tsayawa a kanta.

Masu tsayawar nan ba sa samuwa sai cikin waɗanda suka san wurin da ƙafarsu. Mutanen Edinbara sun kai ƙara a kan dutsensu ne domin suna hawansa, sun san kowane lungu nasa, sun ga abin da ake ɗebe musu. Wanda bai taɓa hawa ba, ba zai ji zafi ba ranar da aka sayar. Ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da safiyar hunturu, lokacin da hazo ke kwance a kan gari, rana ta fito fara sol kamar wata, hayaƙin masu ƙosai da koko na tashi daga lunguna. Malamin makaranta da zai kwashi ɗalibansa a irin wannan safiya ya kai su kan dutsen garinsu, ya nuna musu inda ganuwa ta bi, inda kasuwa ta fara, inda kududdufai suke kafin a cike su, ya koyar da tarihi da ilmin ƙasa a awa biyu fiye da abin da allo zai koyar a zango guda. Cikin waɗannan yara ne za a sami lauyan da zai shigar da ƙara, da ɗan majalisar da zai kawo ƙuduri, da mai unguwar da zai ƙi sa hannu a takardar sayarwa. Gida idan ya rushe ana sake gina shi, kasuwa idan ta ƙone ana tayar da ita, amma dutsen da aka niƙa aka zuba a tifa ya tafi ke nan har abada.